Kwabon da ban bari tsohuwa ta kashe ba

A makona na biyu da kama aiki a Ingila na sa wata tsohuwa 'yar shekara 88 kuka. Ban zage ta ba, ban yi mata tsawa ba. Da fara'a na yi mata abin da na yi, har ina gyara mata bargo, ina ganin ai ni ce mai kirki.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. A cikin birnin Kano aka haife ni, a nan na yi karatu, a nan na yi aure, kuma shekara tara ina aikin asibiti a gida kafin in fita. A watan Oktoba na 2021 na sauka a Stoke-on-Trent, wani gari da ke tsakanin Birmingham da Manchester, inda wani gidan kula da tsofaffi ya ɗauke ni aiki. Ƙa'idar ƙasar ita ce duk nas ɗin da ta zo daga ƙasa irin tamu, komai daɗewarta a aiki, ba za ta riƙe makullin magani ba sai ta ci jarrabawar aiki da hannu da ake kira OSCE, hukumar NMC mai rajistar ma'aikatan jinya ta ba ta lamba. Kafin nan mataimakiya ce ke: wanka, ciyarwa, juya wanda ba ya iya juyawa, raka mutum ban ɗaki. Wannan bai dame ni ba, don na san da shi tun kafin in hau jirgi.

Abin da ban taɓa kawowa a raina zai kayar da ni ba shi ne Turanci. Ina da kiredit a WAEC. Na zauna jarrabawar OET, wadda Turancin asibiti zalla ake tambaya a cikinta, na sami makin da ake nema tun a karon farko. Salon maganar Turawa kuwa, wato maganganun nan da ma'anarsu ba ta cikin kalmominsu, ai da bulala muka haddace su. Malamin Turancinmu na sakandare yakan cika allo da su ranar Litinin, ranar Juma'a ya yi tambaya, duk wadda ta faɗi ɗaya ta miƙa hannu. Har yau suna nan a kaina. "Raining cats and dogs," ruwa kamar da bakin ƙwarya. "Crocodile tears," kukan munafunci. "Cock and bull story," ƙanzon kurege. "At sixes and sevens," a rikice. Na zo ƙasar da ruwan sama ba ya hutawa, kuma har yanzu ban ji Bature ko ɗaya ya ambaci kare da kyanwa a kan ruwa ba, sai dai in wasa yake. Cewa suke yi "it's chucking it down," su buɗe lema su wuce.

Daren da abin ya faru ina dutin dare, mu uku ne a hawa na sama. Wajen ƙarfe biyu da rabi ƙararrawar ɗakin ƙarshe ta yi ƙara. Na shiga na tarar da tsohuwar ta ɗan ɗago daga matashi, ta ce da ni, "Ooh duck, I need to spend a penny."

Kowace kalma na san ta. Tana so ta kashe kwabo, ta sayi wani abu ke nan. A fayil ɗinta an rubuta cewa ta fara ɗan mantuwa, sai na haɗa wannan da wancan na yanke hukunci: tsohuwa ta farka, ta zaci rana ce, tana son zuwa kanti. Na durƙusa daidai fuskarta kamar yadda aka koya mana, na ce mata dare ne, an rufe kantuna, amma da safe zan gaya wa 'yarta ta sayo mata duk abin da take so. Ta riƙe mini wuyan hannu ta sake faɗa, wannan karon a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya. Na ce to, to, da safe. Na ja mata bargo, na kashe ƙararrawar, na fita.

Bayan kamar minti ashirin ta sake dannawa. Da na shiga ta juya fuskarta bango, gadon sharkaf. Abokiyar aikina, wata 'yar garin da ta fi shekara ashirin a wannan aiki, ta shigo bayana. Tsohuwar ba ta ko kalle ni ba. Ita ta yi wa magana, murya ƙasa-ƙasa: "I did tell her." Na fa gaya mata.

A bakin ƙofa abokiyar aikin ta tambaye ni me ta ce mini da farko. Na maimaita mata. Ta rufe ido na ɗan lokaci, sannan ta ce, fitsari take nufi, ban ɗaki ta ce ki kai ta.

Sai kun san matar za ku gane girman abin. Ba ta taɓa ɓata shimfiɗa ba tun da aka kawo ta gidan. Mace ce da ba ta yarda a fito da ita karin kumallo sai ta shafa jan baki ta gyara gashi. Stoke garin tangaran ne, a nan Josiah Wedgwood ya kafa masana'antarsa a 1759, kuma kusan duk tsohon da ke gidan ko dai ya yi aikin tangaran ko ya yi haƙar kwal. Ita shekara talatin da wani abu ta yi tana zana zoben ruwan zinare a bakin kofunan shayi, da hannu, da ɗan siririn buroshi. Hannun da bai taɓa karkacewa ba shi ne ya riƙe ni, ni kuwa na zare nawa. Muka yi mata wanka, muka canja shimfiɗa, na cike takardar rahoto da hannuna, sannan na shiga ɗakin wanki na rufe ƙofa na yi kuka mai isata, injin yana juyawa yana rufe mini asiri.

Washegari na bi asalin maganar. A 1851 an yi wani babban baje koli a Hyde Park da ke Landan, wani mai aikin famfo, George Jennings, ya kafa ban ɗakuna a wajen, ana biyan kwabo ɗaya a shiga. Daga baya ban ɗakunan kan titi na ƙasar suka zama masu kuba, sai ka jefa kwabo a ƙofa take buɗewa. Wancan tsohon kwabo, mai sha biyu a sule, 240 a fam, ya tafi tun da suka canja tsarin kuɗinsu a watan Fabrairu na 1971. Kwabo ya mutu, magana ta zauna a bakin waɗanda suka kashe shi. Abin dariya, wannan gari da nake ciki shi ne ya cika duniya da masai na tangaran, irin na kamfanin Twyford, amma mutanensa ba sa iya kiran sunan abin.

Kuma kuɗin nan ai namu ne mu ma. Da fam da sule da kwabo iyayenmu suka yi ciniki har zuwa 1973 da naira ta shigo, shi ya sa har gobe muke cewa ba ni da ko sisi, ba ni da ko anini. Mu ma muna da namu "kashe ahu," sai dai wannan wata maganar ce daban, masu ji sun ji.

Can cikin wannan binciken ne abin ya faɗo mini, har na ajiye wayar. Wace tsohuwa ce a Kano za ta dubi baƙuwar yarinya ta ce mata zan yi fitsari? Innata ko za ta mutu ba za ta faɗa ba. Cewa za ta yi zan zagaya, ko zan kama ruwa. Na ƙiyasta wata Baturiya da ta koyi Hausa a littafi, ta ci jarrabawa da maki mai kyau, aka ajiye ta a gefen gadon Inna. Inna ta ce, 'yar nan, zan kama ruwa. Baturiya ta ruga ta kawo mata ruwa a kofi, tana murmushi. Da ina wajen da me zan ce da ita? To ni ce wannan Baturiyar.

Mu Hausawa mukan ɗauka mu kaɗai muke da kunya, Bature kuwa komai gatsal yake faɗinsa. Ba haka ba ne, aƙalla ba tsofaffinsu ba. Duk inda muke sakaya zance, a nan su ma suke sakayawa: ban ɗaki, ciki, al'aura, ciwo, mutuwa. Mu ce tana da juna biyu, su ce "she's expecting," masu barkwanci su ce "a bun in the oven," wai burodi na cikin tanda. Mu ce tana fashin salla, su ce "time of the month." Mu ce gaba, su ce "down below." Dubura kuwa "back passage" ce, kamar wani lungun bayan gida. Jerin malaminmu babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, don shi abin da zai fito a jarrabawa ya koya mana, kuma ban ga laifinsa ba. Amma waɗannan su ne waɗanda in ka kuskure su mutum yake wulaƙanta.

Na sayi ɗan ƙaramin littafi mai shiga aljihun yunifom, na kafa wa kaina doka ɗaya. Duk maganar da na san kalmominta amma ma'anar ba ta dace da wajen da muke ba, ba zan ce to ba, ba zan yi murmushi in wuce ba. Zan tsaya in ce, me kike so in yi miki yanzu, nuna mini. Da farko nauyi nake ji, nas mai shekara tara tana tambaya kamar 'yar aji ɗaya. Amma nauyin tambaya bai kai na wancan daren ba.

Littafin ya cika da sauri. "Trouble with my waterworks" ba famfon ɗaki ba ne ya lalace, matsalar fitsari ce, kuma a jikin tsoho ciwon mafitsara yakan zo da ruɗewa, don haka ba maganar wasa ba ce. "My ticker" zuciya ce, don tana bugawa kamar agogo. "Pins and needles" shi ne ka ji gaɓa ta mutu tana tsitstsira kamar ana soka allura. "Under the weather" da "off colour" duk rashin jin daɗin jiki ne, babu ruwansu da gajimare ko launi. "Not my cup of tea," abin bai kwanta mini ba. Shi kansa "tea" ɗin tarko ne. A wannan yanki abincin yamma suke kira haka, na rana kuma "dinner." Ranar da aka ce da ni wani dattijo "hasn't had his tea," na haɗa masa shayi da madara na kai, alhali mutumin mai ciwon suga ne, an yi masa allurar insulin, abinci ake nufi bai ci ba. Allah ya sa akwai mai lura a kusa.

Sai "duck." Ranar farko da aka kira ni haka na buga wa maigidana waya, lokacin bai taho da yara ba tukuna, na ce wai ni yau ake kira agwagwa. Ya yi ta dariya, ya ce wataƙila tafiyarki suka gani. Ashe haka mutanen Stoke suke kiran kowa, mace da namiji, direban bas ya faɗa wa ƙato mai gemu, ƙaton ya mayar masa. Kamar dai a ce 'yar nan, ko ɗan'uwa. Yanzu in tsoho ya daina ce mini "duck" sai in fara tunanin ko na yi masa laifi.

Akwai wani dattijo a hawa na ƙasa da ya shiga ramin kwal tun yana ɗan shekara sha biyar. Yakan ce da idonsa ya ga an rufe ramukan ɗaya bayan ɗaya, har na ƙarshe a yankin, na Silverdale, a 1998. Mutum ne mai tsokana. Wata rana na ji yana faɗa wa 'yarsa game da wani ma'aikacinmu, "he's always pulling my leg." Gabana ya faɗi. A wannan aiki in aka ce ma'aikaci yana jan ƙafar tsoho, magana ce ta rahoto da bincike. Na jira 'yar ta tafi, na ɗaga bargo ina duba ƙaurinsa ko akwai tabo. Ya bi ni da kallo, ya tambaye ni me nake nema. Da na gaya masa, dariya ta sarƙe shi har sai da na ɗaga masa kan gado. Zolaya ake nufi. A Hausa jan ƙafa nawa ce, a Turanci jan ƙafar wani tsokana ce, ni kuwa na tafi neman rauni. Daga ranar ya mayar da kansa malamina. Kullum sai ya tanadar mini guda ɗaya, ya ce fito da littafin.

Su ma fa sun sha wuya da nawa Turancin, kada a ce ni kaɗai ce. In zan fita ɗaki sai in ce "I'm coming," wato ina zuwa, su tsaya suna mamakin mai zuwa da ta ba da baya. In tsoho ya yi tuntuɓe ko ya yi tari in ce "sorry," ina nufin sannu, sai ya ce ai ba laifinki ba ne. In na wuce masu goge-goge in ce "well done," sannu da aiki, su ɗauka yaba musu nake kamar yara. Mafi muni ranar da aka yi wa ƙanwata haihuwa, na shigo da murna na ce "my sister has put to bed." A Najeriya ta sauka ke nan. A gidan tsofaffi kuwa "put to bed" shi ne aikinmu na kowane dare, a kwantar da mutum a ja masa bargo. Suka tambaye ni, wa ta kwantar? Daga baya na gano ƙamus na Oxford ya shigar da wannan ma'ana tamu a Janairun 2020, cikin kalmomi 29 na Turancin Najeriya, har da Kannywood. Na nuna musu a waya. Ba don in yi gardama ba, don dai su san ba ni na ƙirƙira ba.

Akwai kuma waɗanda na sani sarai amma ba na faɗa. In Bature ya ce bai taɓa karaya ba sai ya ƙwanƙwasa tebur ya ce "touch wood," wai kada bakinsa ya ja masa. In yana fatan abu ya ce "fingers crossed," ya harɗe yatsu biyu. Na gane nufinsu, ba na gyara wa kowa, amma ni in sha Allah nake cewa. Abokan aikina sun saba, har wata takan riga ni faɗa.

Maganar mutuwa ita ce nake ja wa duk sabuwar zuwa kunne a kanta. A jerin malaminmu akwai "kick the bucket," a gabansa an rubuta: mutuwa. Ba ƙarya ba ne, amma irin mutuwar "ya sheƙa barzahu" ce. Wa zai shiga gidan makoki ya ce ashe Alhaji ya sheƙa barzahu? Dattijon nan yakan ce "when I pop my clogs," ranar da zai tafi ke nan, ya ce wai "clogs" takalman katako ne na ma'aikatan da, "pop" kuma jinginarwa ce, mamaci ba ya bukatar takalmi sai iyali su kai jingina. Shi yana da ikon faɗin haka a kan kansa. Ni ba ni da shi. Iyalai cewa suke yi "passed away" ko "slipped away," kamar yadda muke cewa ya rasu, ya riga mu gidan gaskiya, rai ya yi halinsa. Amma abin da ya ba ni mamaki, a horon da aka yi mana an ce ranar da ke ce mai sanar da iyali, kada ki sakaya. Ki ce "died" ƙarara, cikin taushi. In kika ce "we lost him," wani cikin ruɗewa zai ɗauka ɓata ya yi. Wannan ya yi mini wuya fiye da komai, don bakina na Bahaushiya ba ya son kalmar.

Na ci OSCE a Northampton a farkon 2022, na sami lambata, aka miƙa mini makullin magani. A cikin wannan shekarar ne Inna ta kwanta.

Inna tana da hawan jini tun ina gida. Kullum na kira na ce Inna ya jiki, amsa ɗaya ce: da sauƙi, alhamdu lillahi. Wata Lahadi ta ce mini da sauƙi, muka yi hira har tana tambayar jikokinta. Da daddare ƙanwata ta kira ni a ɓoye ta ce, Yaya, a gadon asibiti fa ta amsa miki, kwananmu uku a nan, ita ta hana a faɗa miki. Na zauna a bakin gado na rasa abin yi. Ni da nake nas, na san sarai cewa Bahaushe ko yana gargara in ka ce ya jiki da sauƙi zai ce, amma na karɓa don ita nake so in ji. Allah ya ba ta lafiya ta koma gida. Tun daga nan na daina tsayawa a ya jiki. Sai in ce, Inna, a tsaye kika yi Asuba ko a zaune? Me kika ci da rana, kin cinye? Wa ya raka ki ban ɗaki? Inna ba ta ƙarya. Sakayawa take yi, in ka tambayi abu takamaimai za ta faɗa maka.

Bayan kamar wata biyu, wata safiya cikin sanyi, na shiga ɗakin dattijon nan da maganinsa. Na ce ya ka kwana. Ya ce, "Mustn't grumble, duck. Had a bit of a funny turn, that's all. Right as rain now."

Ukun duk suna cikin littafina. "Mustn't grumble," ba abin ƙorafi. "Right as rain," garau. "Funny turn" kuwa ba abin dariya ba ne, don "funny" fuska biyu gare ta, ta ban dariya da ta abin da ba a saba ba. Jiri ne, ko wani baƙon yanayi da ya zo wa mutum ya wuce. Ga shi zaune, ya taje kai, yana murmushi. Da littafin kaɗai na bi da na rubuta "ya ɗan ji jiri, ya ware," na ba shi magani na wuce ɗaki na gaba. Amma da ya ce "mustn't grumble," muryar Inna na ji. Da sauƙi ce wannan, da wani harshe.

Na ajiye tiren na jawo kujera. Na ce, lokacin da abin ya zo me kake riƙe da shi? Ya ce kofi. Ina kofin? Ya nuna ƙasan gado da haɓa, ga shi can a kife. Wane hannu? Na dama. Ya ce hannun ne kawai ya ƙi jin magana na ɗan lokaci. Na ce ka kira wani? Ya yi shiru, sannan ya ce ya gwada, amma kalmomin sun fito a karkace, sai ya bari har suka dawo. Minti nawa? Kamar goma. Ya ƙara da cewa bai so ya dame mu ba, ya ga muna da aiki.

Na duba fuskarsa, na sa ya ɗaga hannu biyu, na sa ya maimaita jimla. Komai daidai. Amma abin da ya kwatanta shi ne ƙaramin shanyewar ɓarin jiki da likitoci ke kira TIA: jini ya tsaya wa wani sashen ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci ya sake. Gargaɗi ne, kuma haɗarin babban ya fi yawa a kwanakin farko da ke biye. Na kira 999, lambar neman agajin gaggawa. Yana ta mita ana ɗora shi a kan gadon motar asibiti, wai duk wannan hayaniya a kan kofi ɗaya.

Bayan 'yan kwanaki ya dawo da sababbin magunguna. 'Yarsa ta rungume ni a baranda ba ta ce komai ba. Shi kuwa ya nuna ni da sandarsa ya ce da ita, "You can't pull the wool over that one's eyes." Ya juyo ya ce, fito da littafin. Na fito da shi na rubuta: ba a yi mata rufa-rufa.

Ita tsohuwar ɗakin ƙarshe ba ta sauko da wuri ba. Na ba ta haƙuri washegarin abin, ta ce "never mind, duck," amma makonni da yawa in ta danna ƙararrawa da dare ta ga ni ce, sai ta ce a kira mata ɗayar. Ban yi jayayya ba. Sai na riƙa leƙa ta wajen ƙarfe biyu ba tare da ta kira ba, in na tarar idonta biyu in ce, za mu kashe kwabo? Daren farko ta kawar da kai. Wani dare ta miƙo mini hannu.

A 2023 na zo gida hutu. Ina ba Inna wannan labari, ta yi salati, ta ce kai, 'yar nan, kin ɗauki alhakin baiwar Allah. Sai ta sa ƙanwata ta jawo mata tsohuwar adakarta daga ƙarƙashin gado. Can ƙasa, cikin wani gwangwanin alewa mai tsatsa, tare da tsofaffin 'yan kunne da katin awo na haihuwata, ta zaro kwabo mai huji. Na 1959 ne, gefe ɗaya tauraro, ɗaya gefen kambin sarauta da sunan Elizabeth. Ta ce ki kai mata, ki ce in ji tsohuwa 'yar'uwarta.

Da na koma na same ta zaune a bakin taga, ta sha jan bakinta. Mantuwar ta ƙaru sosai a lokacin, wani zubin ba ta gane 'yarta. Na sa mata kwabon a tafin hannu na ce daga mahaifiyata ne, irin kuɗinmu ne na da. Ta juya shi, ta karanta sunan Sarauniya da ƙarfi, ta ɗaga shi saitin taga ta leƙo ni ta cikin hujin da ido ɗaya.

Ta ce, "You can't spend that, duck. It's got a hole in it." Wannan ba zai kasu ba, ya huje.

Ta ajiye shi a kan ɗan farantin shayi mai zoben zinare da ke gefen gadonta, ta ce in miƙo mata sandarta, tana so ta zagaya.